Ƙugiya mai haske da kifin da aka hana ni ci

Duk wanda ya tashi a bakin kogi kamar yadda na tashi a Yawuri, ya san sana'ar su da kwalekwale da taru da ƙugiya mai tana. Ban taɓa zaton wata rana zan zauna a kan kujera a tsakiyar tabki, ruwan ya daskare ya zama dutse a ƙarƙashina, ina zura fatsa ta wani rami mai faɗin faranti ba. Hakan ta faru a wani watan Fabrairu, lokacin da aiki ya kai ni jihar Minnesota ta Amurka, wani abokin aikina ya ɗauke ni zuwa tabkin da ake kira Lake of the Woods, wanda ke kan iyakar Amurka da Kanada. Da mota muka hau kan tabkin. Hukumar kula da albarkatun ƙasa ta jihar tana gargaɗin kada mutum ya taka ƙanƙarar da kaurinta bai kai inci 4 ba; wadda muka hau kuwa ta haura ƙafa biyu.

Da muka shiga ɗan ɗakin katakon da aka kafa a kan ƙanƙarar, abokin nawa ya buɗe wani akwati cike da ƙananan ƙarafa masu fenti, wasu kamar kan cokali, wasu kamar 'ya'yan kifi, kowanne da ƙugiya a gindinsa. Ya ɗauki ɗaya ya haska shi da 'yar tocila na 'yan daƙiƙu, sannan ya dunƙule shi a hannu ya ce in leƙa. Sai ga shi yana walƙiya kore shar, kamar hannun agogo da daddare.

Babu batir a cikinsa, babu wuta. Sirrin yana cikin fentin, wanda ke haɗiye haske ya riƙe, sannan ya riƙa sakin sa a hankali. A da, irin wannan fenti ba ya jimawa yake dusashewa. A shekarar 1993 wani kamfanin Japan mai suna Nemoto ya fito da sabon haɗi na sinadarin sitirontiyom, wanda ya ninka tsohon kusan sau goma a haske da daɗewa. Duk da haka ƙarfinsa yakan ragu cikin mintoci, shi ya sa masunta kan jawo ƙugiyar lokaci-lokaci su sake haska ta.

Amfaninsa a fili yake ga wanda ya san halin ruwa. Haske ba ya nisa a cikinsa: launin ja shi yake fara ɓacewa, kore da shuɗi su suka fi nutsawa. Ruwan wannan tabki kuma launin shayi gare shi, saboda abin da ke gangarowa cikinsa daga fadamun da ke kewaye. A ɗora ƙanƙara mai kauri a kai, a sake ɗora dusar ƙanƙara, sai zurfin ƙafa 30 ya zama tamkar magariba ko da rana tsaka. Kifin da aka fi nema a can, wanda suke kira walleye, Allah Ya hore masa ido mai gani a duhu kamar na kyanwa. Ɗan ɗigon haske yana motsi kusa da ƙasa ya isa ya jawo shi daga nesa. Idan ya matso, sai ƙanshin kan ɗan kifin da aka soke a ƙugiyar ya ƙarasa aikin.

Abokina ya koya mini cewa hasken kaɗai ba ya kama kifi. Sai ka saki ƙarfen ya daki laka ya tayar da ƙura, ka ɗaga shi kaɗan, ka girgiza, sannan ka tsaya cik. A lokacin tsayawar kifin yake kawo cafka. Ya kuma ce a ruwa mai garau, haske mai yawa yakan razana kifi, kuma sau tari sai walƙiyar ta fara dusashewa yake samun kamu.

Dabarar ba ta tsaya ga lokacin sanyi ba. Idan ƙanƙara ta narke, masu jiragen ruwa a tabkin Michigan sukan fita tun kafin asuba suna jan irin waɗannan cokula masu haske a zurfi domin kifin salmon. A Japan ma ana amfani da su wajen kamun wasu halittun teku da daddare. Irin wannan hikimar kuwa akwai ta a halitta, domin a can ƙarƙashin teku akwai kifin da ke ɗauke da ɗan haske a saman kansa, ƙananan kifaye su zo kallo ya haɗiye su. Kwaɗayi dai mabuɗin wahala ne, a tudu ko a ruwa.

Wajen la'asar fatsata ta lanƙwashe. Na ja, na ja, har wani ƙosasshen kifi ya leƙo ta ramin, jikinsa ruwan zinariya. Tuni na fara lissafin farfesu. Abokina ya karɓe shi, ya shimfiɗa shi a kan ma'auni, ya ce inci 22 ne, ya zare ƙugiyar a hankali, ya mayar da shi cikin ramin. Na bi shi da kallo baki buɗe. Ya ce dokar tabkin ita ce duk walleye da tsawonsa ya kama daga inci 19 da rabi zuwa 28 dole a sake shi nan take, domin cikinsu ne ake samun iyayen da ke zuba ƙwai. Mutum ɗaya kuma ba zai wuce walleye 4 a rana ba, ba zai kuma zura fatsa fiye da biyu ta ƙanƙara ba. Babu jami'i ko ɗaya a ɗakin nan, daga ni sai shi sai Allah.

Raina ya sosu a ranar, amma tun daga lokacin nake juya maganar. Mutanen nan suna da fenti mai haske, suna da na'urar da ke nuna kifi a allo, suna da injin huda ƙanƙara. Da sun saki jiki da waɗannan kaya babu linzami, da tuni tabkin ya zama kango. Abin da ya riƙe musu arzikinsu shi ne, duk lokacin da dabara ta ƙaru, sai iyaka ta biyo ta. Su ma suna da nasu tabon: yawancin ƙarafan nan da dalma ake yin su, tsuntsayen ruwa kuma kan haɗiye waɗanda suka tsinke su mutu. Ingila ta hana ƙananan dalmar su tun 1987, wasu jihohin Amurka ma sun bi sahu, kuma masunta da yawa suna komawa ga wani ƙarfe marar guba.

Mu ma ba baƙi ba ne a wannan ilimi. Shekara da shekaru Sarkin Ruwa yake da ikon rufe wani yanki na kogi har kifi ya hayayyafa. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka faro a 1934, ya yi suna ne saboda ana tsare Matan Fada har ranar biki, kuma koma da gora kaɗai ake shiga da su. Amma a yau akwai masu zuba gamalin a ruwa su kashe uwa da 'ya'ya, su sayar wa mutane guba a kasuwa. Akwai masu mayar da gidan sauro taru, su kwashe har 'yan mitsi-mitsin da ba su kai yatsa ba. Dokar su ta ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta haramta guba da nakiya, sai dai doka a takarda ba ta tsare kogi. Na san talauci yana cikin masu tura mutum ga haka, amma wanda ya cinye iri bana, me zai shuka baɗi?

Ba na kiran masuntanmu su guji sabon abu. Ƙugiya mai haske kayan aiki ce mai tsabta idan aka gwada ta da guba: kifi ɗaya take kamawa, da ransa, ka duba shi ka yanke shawarar riƙewa ko saki. Kirana ga sarakunan ruwa da ƙungiyoyin masunta da ma'aikatun jihohi shi ne su zauna su tsayar da girman idon taru, da watannin hutun ruwa, da hukuncin mai zuba guba, su kuma tsaya a kai.

Na dawo gida da guda uku daga cikin ƙarafan nan. Na ba wani ɗan'uwana masunci, na kuma ba shi labarin kifin da aka saki. Ya yi dariya ya ce kakanmu ma haka yake yi idan ya kama mai ƙwai. Allah Ya ba mu ikon komawa ga abin da muka sani.