Yadda Binciken Ciwon Daji Ke Isa Shafin Mujalla

A shekarar 1958 wani likitan tiyata mai suna Denis Burkitt, wanda ke aiki a Asibitin Mulago na Kampala, ya buga bayanin yara 38 masu wani irin kumburi a muƙamuƙi. Ya aika da shi ga mujallar likitocin tiyata ta Birtaniya, kuma kusan babu wanda ya kula. Sai a 1961, da shi da Gregory O'Conor suka sake bayani a mujallar Cancer ta Amurka, wadda masu binciken ciwon daji ke karantawa, sannan duniya ta farga. A wannan shekara ce Anthony Epstein ya saurari laccarsa a Landan, ya roƙi a riƙa aiko masa da tsokar marasa lafiya daga Yuganda. A 1964 shi da Yvonne Barr da Bert Achong suka sanar a Lancet cewa sun gano ƙwayar bairos a cikinta, ta farko da aka danganta da ciwon daji a jikin ɗan Adam.

Wato zaɓen mujalla ba ƙaramin abu ba ne. Amma tun kafin a kai ga zaɓen, akwai aiki mai yawa.

A ɗauka wani likita a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu ya lura cewa yawancin magidantan da ke zuwa masa da ciwon dajin mafitsara daga ƙauyukan bakin kogi na Gwaram suke, kuma sun yi fama da tsargiya tun suna yara. Masana sun daɗe da tabbatar da cewa ƙwan tsutsar tsargiya da ke maƙalewa a bangon mafitsara yana iya haddasa wannan ciwo bayan shekaru masu yawa. To amma abin da likitan ya gani da idonsa bai zama ilmi ba tukuna.

Da farko sai ya nemi izinin kwamitin da ke kula da ɗa'ar bincike na asibitin. Gyaran da aka yi wa Sanarwar Helsinki a 1975 ne ya shimfiɗa wannan ƙa'ida, Nijeriya kuma ta fitar da nata kundin a 2007, bayan ce-ce-ku-cen da ya biyo gwajin maganin Trovan kan yara masu sanƙarau a Kano a 1996. Mujalla mai mutunci ba ta karɓar rubutun da babu lambar wannan izini a jikinsa. Haka nan ba a sa sunan marar lafiya ko hoton da za a gane shi.

Na biyu, ba kowane ƙari ne ciwon daji ba. Dole a yanki tsoka a kai ɗakin gwaji, masanin cututtuka ya duba ta da madubin likita, ya faɗi irin ciwon da sunansa. Rubutun da ya dogara ga tsammani kawai ba ya wuce teburin edita.

Inda masu bincike da yawa ke tuntuɓe shi ne wajen lissafi. Marasa lafiyan da suka zo asibiti guda ba su ne dukan marasa lafiyan ƙasar ba. Gwaram tana iyaka da Jihar Bauchi, saboda haka wani Bauchi zai nufa, wani Kano, wani kuma wajen mai maganin gargajiya zai tsaya har ta Allah ta kasance, ba tare da sunansa ya shiga kowane littafi ba. Don haka likitan zai iya cewa ga abin da aka gani a asibitinsa daga shekara kaza zuwa kaza, amma ba shi da hurumin cewa ga yawan ciwon a kudancin Jigawa. Wannan aikin rajistar ciwon daji ne, irin wadda aka kafa a Ibadan a 1960, mai ƙirga masu ciwon a cikin jama'ar da aka san adadinta.

Shi kansa rubutun yana da tsari sananne, wanda ɗaliban kimiyya na Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu za su gane, domin ya yi kama da rahoton gwajin da suke rubutawa: gabatarwa, hanyar da aka bi, sakamako, sai tattaunawa. Sashen hanya ya fi kowanne muhimmanci, don da shi ne wani likita a Sakkwato zai iya maimaita aikin ya ga ko zai sami abu ɗaya. Ana sa taƙaitawa a sama, galibi kalmomi 250 ko kusa da haka, da jerin manazarta a ƙasa bisa salon da editocin mujallun likitanci suka fara tsarawa a Bankuba ta Kanada a 1978. Wanda bai taɓuka komai ba a aikin ba ya cikin marubuta, ko da shi ne shugaban sashe. Wannan ƙa'ida ta fi sauƙin faɗi bisa aikatawa.

A da kwafi uku ake bugawa da tafireta a kai gidan waya. Yanzu ta intanet ake turawa, tare da wasiƙa mai tabbatar da cewa ba a aika wa wata mujalla ba, da bayanin wanda ya ba da kuɗin binciken. Edita na iya mayar da shi cikin mako guda. In ya ga alamar alheri, sai ya tura wa masana biyu ko uku waɗanda galibi marubucin ba zai san sunansu ba, su tsefe shi. Da wuya su karɓa kai tsaye. Gyara suke nema, marubuci kuma ya amsa kowace tambaya ɗaya bayan ɗaya, cikin ladabi, har da waɗanda bai yarda da su ba.

Akwai kuma mujallun bogi masu aiko da saƙon gayyata, su karɓi kuɗi su buga komai cikin kwana uku ba tare da wani ya duba ba. Gara a nemi mujalla ta kusa mai tantancewa, irin su Annals of African Medicine ta Sakkwato, ko ecancermedicalscience.

A watan Oktoba na 2023 aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar rigakafin ciwon dajin bakin mahaifa a Nijeriya, kuma Jigawa na cikin jihohin farko. Ciwon yakan ɗauki shekaru goma zuwa ashirin kafin ya bayyana, saboda haka ba za a san iyakar amfanin allurar a Birnin Kudu da Gwaram ba sai an sami rubutaccen bayanin yadda ciwon yake a yau, wanda za a gwada da na wancan lokaci.