Ɓoye Makullin Safaya A Jikin Akori-Kura: Dabara Ko Ganganci?

Duk wanda ya taɓa kwana a Wudil daren Juma'a ya san yadda garin yake cika tun kafin assalatu. Manyan motoci sukan jeru a bakin kara suna jiran shanun da za a kai kudu, ƙananan motoci kuwa, musamman akori-kura, suna ta shige da fice ta kan gadar kogi, wannan da awaki, waccan da buhunan hatsi. A cikin wannan turmutsutsu abu ne mai sauƙi direba ya sauko cikin gaggawa, ya danna makullin gambu, ya tura ƙofa, sai bayan ta rufe ya hango makullinsa yana lilo a jikin sitiyari. Wani kuma wajen kokawar ɗora sa a mota makullin zai zame daga aljihunsa ya nutse cikin taɓo, ba a ƙara ganinsa.

Daga nan sai a shiga neman waya ana zura ta ta gefen gilashi, ko a aika Kano a ɗauko ɗaya makullin, tafiyar kimanin kilomita 40 zuwa, 40 dawowa. Kafin ɗan aike ya dawo kasuwa ta ci ta watse, dabbobin da aka loda sun galabaita a rana. Gudun irin wannan asara ne ya sa direbobi da yawa suka ɗauki al'adar ɓoye makullin safaya a wani lungu a jikin motar. Abin tambaya shi ne, shin wannan dabara ce, ko kuwa miƙa wa ɓarawo wuƙa da nama ne?

MAKULLIN JIYA DA NA YAU

Kafin a amsa, ya kamata mai karatu ya san cewa makullin mota ya sake kama. Lokacin da kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna a shekarar 1975, makullin 404 ko 504 guntun ƙarfe ne kawai mai haƙora. Mai yankan makulli a kasuwa yakan kwafe shi cikin 'yan mintoci, kuma idan ramin makullin ya tsufa ya cinye, wani lokaci har makullin wata motar yakan buɗe shi. Har yau akwai ragowar waɗannan motoci suna jigila a ƙauyuka.

Motocin da suka biyo baya kuwa, yawancinsu akwai wata 'yar ƙwayar na'ura da aka dasa a cikin baƙar robar kan makullin. Idan aka zura makullin, sai wani zobe da ke kewaye da ramin ya karanta lambar sirrin da ke cikin ƙwayar, ya aika wa ƙwaƙwalwar motar. In lambar ta dace inji ya tashi, in ba ta dace ba, ko an murɗa sau ɗari ba zai kama ba. Ƙasashen Jamus da Ingila sun wajabta sanya wannan na'ura a sababbin motoci a shekarar 1998, Kanada kuma a 2007, saboda rage satar motoci. Tun da yake yawancin motocin da ake shigowa da su ƙasar nan na hannu ne daga ƙasashen waje, to, akasarinsu da ita suke zuwa.

Ma'anar wannan ita ce, wanda ya ɓoye cikakken makulli mai ƙwaya a ƙarƙashin motarsa ya rushe katangar da masu ƙera motar suka gina masa da hannunsa. Ɓarawon da a da sai ya sha wahala, yanzu durƙusawa kawai zai yi ya laluba, ya shiga ya ja mota kamar mai ita, ba wanda zai ko ɗaga kai ya dube shi a cikin kasuwa.

Lamarin ya fi muni ga motocin da ba a zura musu makulli, waɗanda ake danna maɓalli su tashi. Irin wannan mota tana jin makullinta muddin yana kusa da ita. Saboda haka in an maƙale safaya a jikinta da batirinsa a ciki, ana iya wayar gari duk wanda ya taɓa hannun ƙofa ta buɗe masa.

MAƁOYAR DA KOWA YA SANI

Wani kuskuren kuma shi ne zaton da kowane direba yake yi cewa shi kaɗai ya san maɓoyarsa. Saman taya, cikin bamba, bayan lambar mota, gindin murfin tankin mai, ƙarƙashin tabarmar bodi: waɗannan su ne wuraren da hannun mai ɓoyewa ya fi saurin kaiwa, su ne kuma ɓarawo yake fara dubawa. Tunanin da ya zo maka cikin minti ɗaya, shi ma cikin minti ɗaya zai zo masa. Bugu da ƙari, makanike da mai faci da mai wankin mota duk suna shiga ƙarƙashinta, kuma ko su masu amana ne, ba a san wanda ke tsaye yana kallo ba.

Akwai kuma 'yan ƙananan akwatuna masu mayen ƙarfe da ake sayarwa don manna makulli a jikin shasi. Waɗannan an yi su ne don titi mai santsi. A hanyar burji mai gargada, ko wajen ratsa kwazazzabo da damina, jijjiga takan kakkaɓe su. Mai mota zai yi wata da watanni yana tafe da kwanciyar hankali, sai ranar da buƙata ta taso ya miƙa hannu ya ji wayam.

Kada kuma wani ya dogara da inshora. Takardar da yawancin masu motoci suke yanka, watau wadda doka ta tilasta, tana biyan ɓarnar da ka yi wa wani ne, ba ta biyan motarka idan an sace. Cikakkiyar inshora kuwa takan zo da sharaɗin cewa mai mota ya kula da dukiyarsa gwargwadon hali, kuma barin makulli a jikin mota hujja ce da kamfani zai iya kafawa ya ja da biyan diyya.

TO, INA MAFITA?

Mafita ta farko, wadda ta fi kowace, ita ce a raba makullan biyu, a ba mutum ajiyar ɗaya maimakon a ba mota. Yaron mota amintacce ya rataya shi a wuya, ko direban ya sa shi a wani aljihu dabam da wanda yake sa na kullum. Mai zuwa Wudil duk Juma'a ba zai rasa maigida ko amini mai rumfa da zai riƙe masa ba.

In kuwa tafiya ce ta daji inda babu kowa, kuma dole sai an ɓoye, to, a je wurin mai yankan makulli a yanko na ƙarfe zalla, marar ƙwaya. Wannan zai buɗe ƙofa amma ba zai tayar da inji ba, ga shi kuma da araha. Ko ya faɗa hannun mugu, iyakarsa abin da ke cikin mota, motar kanta tana nan. A naɗe shi da leda saboda tsatsa, a ɗaure shi tam da waya a wurin da sai an kwanta an wahala kafin a kai gare shi, nesa da salansa da duk wani abu mai juyawa. A riƙa dubawa duk lokacin da aka yi juyen baƙin mai, kuma kada a ciro shi a gaban jama'a. In har an ciro, a sake masa wuri. Masu tsofaffin motoci marasa ƙwaya su sani wannan rangwame bai shafe su ba, matuƙar makullin ƙofarsu shi ne na inji.

Har wa yau, wasu motoci, kamar na Toyota, sukan zo da wani ɗan ƙarfe mai ɗauke da lambar makulli. A adana shi a gida tare da takardun mota, domin da lambar ake yanko sabo. Kuma wanda makulli ɗaya ya rage masa ya hanzarta yin na biyu, don kwafar wanda ke hannu ta fi sauƙi da araha nesa ba kusa ba a kan ranar da duka suka ɓata, wadda takan kai ga sake saita ƙwaƙwalwar motar ko ma sauya ta.

GA MA'AIKATA DA IYAYE

Ma'aikatan da aka damƙa wa motocin hukuma, kamar malaman gona da ma'aikatan lafiya masu zaga ƙauyuka, nauyin da ke kansu ya fi na kowa, domin motar dukiyar jama'a ce. Bai kamata direba ya yanki makulli ko ya ɓoye shi bisa ra'ayin kansa ba. Wurin safaya shi ne hannun jami'in da ke kula da motoci, a rubuce, yadda in wani abu ya faru za a san wanda za a tambaya. Ɗalibanmu masu karatun injiniya a jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil, wadda aka buɗe a 2001 aka kuma sa mata sunan Aliko Ɗangote a 2022, su ma su lura cewa saita makullan zamani sana'a ce mai kasuwa.

Wuri ɗaya ne ba a jiran makulli. Idan yaro ne ya kulle a cikin mota, musamman a bazara da zafi kan kai digiri 40, zafin cikin motar yakan ƙaru da kimanin digiri 10 cikin minti goma kacal. A nan babu batun aike ko neman waya. A fasa gilashin da ya fi nisa da yaron a fito da shi nan take. Gilashi ana sayensa a kasuwa, rai kuwa ba a sayensa.

Allah Ya kiyaye mu da dukiyoyinmu, Ya kai kowa gida lafiya, amin.