Yadda Ake Sa Shinkafa da Ganyen Taba Su Haɗa Maganin Asibiti

Duk wanda ya bi hanyar Wurno zuwa Goronyo ya ga shinkafa shimfiɗe a fadamar Rima. To, shinkafa ce dai masana a jami'ar Wuhan ta ƙasar Sin suka sa ta haɗa wani sinadarin jinin mutum mai suna albumin. A 2011 suka sanar da cewa kowane kilo ɗaya ya ba su gram 2.75. Hanta ce ke yin albumin, ana ƙara wa wanda ya ƙone ko mai ciwon hanta, kuma da ma daga jinin da mutane suka bayar ake tace shi.

Ta yaya? Ka ɗauki ƙwayar shuka kamar wayarka, DNA kuwa manhajar da ke gaya mata abin yi. Masana na ɗauko umarnin da jikin mutum ke bi wajen yin sinadarin, su ɗora shi a kan wata bakteriyar ƙasa, Agrobacterium, wadda ɗabi'arta ce cusa DNA ɗinta cikin tsirrai. Da umarnin ya shiga, sai shukar ta kama aiki da rana da ruwa. Daga nan a girbe, a niƙa, a tace. Tacewar nan ce ke cin kuɗi, ba noman ba.

A 2014, shekarar da Ebola ta shigo Legas har ta kashe Dakta Ameyo Adadevoh, maganin gwajin da duniya ta zuba wa ido shi ne ZMapp, wanda aka haɗa a ganyen wata 'yar'uwar taba a Kentucky ta Amurka. Ɗan abin da ake da shi ya ƙare nan da nan, daga baya kuma gwajin da aka yi a Kwango ya nuna wasu magunguna biyu sun fi shi. (Kada wani ya ji taba ya kunna sigari, allura ce da aka tace.)

Inda gizo ke saƙar shi ne gona. A 2002, a jihar Nebraska, gyauron masarar magani ya fito cikin gonar waken suya, dole aka lalata wake sama da tan 13,000. Yanzu ka tuna yadda iri ke yawo a wajenmu: manomi a Maikujera ya ware daga girbinsa, ya ɗiba wa maƙwabci tiya guda, sauran a kai kasuwa. Da ido ba ka bambance shinkafar magani da ta tuwo. A ganina, in har za a yi wannan noma a nan, a rufaffen ɗaki ya kamata, kuma da shukar da ba a ci.

Irin da aka sauya wa halitta ya riga ya iso gare mu. Waken SAMPEA 20-T da cibiyar IAR ta Samaru, Zariya, ta fitar a 2019 an gina shi ne don ya kare kansa daga tsutsar da ke huda kwanso, ba don magani ba. Hukumar NBMA, wadda aka kafa a 2015, ita ke ba da izinin irin wannan aiki, kuma shinkafar magani ma sai ta bi ta hannunta.