Daren Sha Biyu a Kunnen Mutanen Dutse

Shirinmu na musamman daga nan Dutse zai duba wasan barkwancin da William Shakespeare na Ingila ya rubuta wajen shekarar 1601, wanda marigayi Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya ya mayar Hausa da sunan Daren Sha Biyu, kamfanin NNPC na Zariya ya buga a 1971. Matsayinmu shi ne, don ido da kunne aka tsara wasan nan, saboda haka manomin Kiyawa da 'yar kasuwar Shuwarin sun cancanci su ji shi kamar yadda ɗalibi ke karanta shi.

Ga yadda labarin yake. Jirgin ruwa ya kife da tagwaye, Viola da Sebastian, kowa ya ɗauka ɗan'uwansa ya halaka. Viola ta yi shigar maza ta shiga hidimar basarake Orsino, yana aikenta da saƙon soyayya wurin wata mai suna Olivia, sai Olivia ta kamu da son ɗan aiken. A gidan Olivia kuma akwai wakilin gida Malvolio, sarkin girman kai. Aka yar masa da wasiƙar bogi, ya zaci uwargijiyarsa ke sonsa, ya fito gabanta da doguwar safa ruwan ɗorawa yana ta washe baki, har aka ce ya taɓu, aka kulle shi a ɗaki mai duhu. Duk wanda ya san baran da ya fi maigida ɗaurin kai ya riga ya san Malvolio.

Wani zai ce mace cikin kayan maza da mashayi irin Sir Toby na gidan Olivia ba tarbiyyarmu ba ce. Damuwar tana da tushe, amma a tuna tashen watan azumi, inda yarinya kan sa riga da hula ta fito a matsayin miji, manya na dariya suna ɗaukar darasi. Shi kuwa mashayin, da fasasshen kai ya ƙare. Wani kuma zai ce namu ya ishe mu. To, Abubakar Imam ya ɗebo labarai daga ƙasashen waje ya zuba a Magana Jari Ce, yau ba mai kiransu baƙi.

Inda aikin yake da wuya shi ne bakin Feste, wawan gidan Olivia, domin wasa da harshe yake yi, fassarar kalma da kalma kuwa kashe shi take yi. Dole a ba shi habaici da ba'a da karin magana irin na wawan sarki, mai faɗa wa manya gaskiya ba a taɓa shi. Wannan aiki ne da ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Dutse da 'yan wasan Rediyon Jigawa za su iya haɗa hannu su yi, kashi-kashi, da muryoyin mutanenmu.

Nan muka kawo ƙarshen shirin. A huta lafiya.