Kafin a zuba kuɗin adashe a na'urar neman zinariya

Tun lokacin da farashin zinariya a kasuwar duniya ya haura dalar Amurka 3,000 kowace oza a watan Maris na shekarar 2025, ya kuma tsallake 4,000 a watan Oktoba, zancen tafiya arewa ya sake dawowa bakin matasa a nan Damagaram. Oza ɗaya giram 31 ce da 'yar ɗoriya, saboda haka ko yaron da bai yi nisa a lakkol ba ya iya wannan lissafi, ya san abin da ɗan dunƙulen da bai wuce ƙwayar wake ba zai iya kawo masa. Sai dai abin da ba a cika faɗa ba shi ne, saurayin da zai hau mota zuwa Agadas ba shi ne mai kuɗin tafiyar ba. Kuɗin na uwarsa ne, ko na yayarsa mai sayar da atamfa a Kasuwar Dole, ko na wata baiwar Allah da ta kwashi adashe bayan ta yi wata goma tana zubi, ko na Alhaji mai shago da ya yarda a yi rabo in Allah Ya ba da sa'a.

Wannan ba baƙon abu ba ne a garinmu. Tun zamanin Sarki Tanimun attajiran Zango suke ɗaura wa ayari kaya su zauna gida suna jiran labari. Bambancin kawai, attajirin wancan lokaci ya san raƙumi, yana buɗe bakinsa ya duba haƙori. Mai kuɗin yau kuwa ana kawo mata kwali ne da rubutun Turanci a jiki, a ce mata wannan ita ce na'urar, ta ƙirga miliyan ta miƙa. To, domin irinta aka yi wannan rubutu.

Idan ba a manta ba, zazzaɓin neman zinariya da na'ura ya taso ne daga Sudan wajen shekarar 2009, ya shiga arewacin Cadi a 2013, sannan a watan Afrilu na 2014 ya iso Jado, kimanin kilomita 700 arewa maso gabas da Agadas. Abin da ya sa na'ura ta yi suna a Jado shi ne zinariyar wurin dunƙule-dunƙule ce, tana kwance kusa da saman ƙasa, mutum na tafe yana shara da na'ura sai ta yi kuka ya tona. A cikin shekarar nan ce kuma aka buɗe Cibarakaten kusa da iyakar Aljeriya, amma can da tafiya ta yi tafiya aikin ya koma na rijiyoyi, ana bin jijiyar farin dutse cikin ƙasa, a fito da shi a niƙa. Haka ma a Ɗan Isa ta jihar Maraɗi, inda rami ya rufta a Garin Liman a watan Nuwamba na 2021 ya hallaka aƙalla mutum 18, aikin na haƙa ne. Gwamnati kuma ta rufe Jado a shekarar 2017.

Saboda haka tambayar farko da ya kamata Hajiya ta yi wa yaro ba ita ce nawa ake sayar da na'urar ba. Ta tambaye shi: ina za ka? Idan wurin rijiyoyi za shi, inda zinariyar gari ce a cikin dutse wadda ido ma ba ya gani sai an niƙa an wanke, na'ura mai tsada ba za ta ji ta ba, domin ba ta jin gari, dunƙule take ji. Iyakacin amfaninta a irin wannan wuri shi ne a bi da ita kan dutsen da aka fito da shi ko akwai ɗan abin da ya fi girma. Kuɗin ya fi amfani a kan igiya da guduma da abinci da ruwa.

Idan kuwa wurin shara za shi, sai a zo tambaya ta biyu, wadda ita ce ginshiƙin maganar: wace irin ƙasa ce a wurin?

Na'urar nan ba ganin zinariya take yi ba. Akwai wani abu zagayayye a ƙarshen sandarta, mu kira shi faifai, shi ne yake aika ƙarfin maganaɗisu cikin ƙasa, duk ƙarfen da ke ciki sai ya amsa, na'urar ta mayar da amsar ta zama ƙara a kunnen mai riƙe da ita. Matsalar ita ce ƙasar kanta tana amsawa. Jar ƙasa da marmara da baƙin yashi da duwatsu masu tama duk suna ɗauke da sinadarin ƙarfe, kuma muryarsu ta fi ta ɗan ƙwayar zinariya ƙarfi nesa ba kusa ba. Mu ma'aikatan rediyo mun san irin wannan: kamar mutum ne yana neman tashar gajeren zango ana cikin hadari, muryar mai magana tana nan amma ƙarar shuu ta danne ta. Ko kuma a ce uwa tana son jin raɗar ɗanta a tsakiyar kasuwa ranar Alhamis. Abin takaicin shi ne zinariya ta fi son zama a daidai irin wannan ƙasa mai surutu. Ga kuma gishiri da kanwa, waɗanda ƙasar Kawar ta yi suna da su, su ma suna rikita na'ura musamman in akwai laima.

Akwai hanya mai sauƙi ta sanin halin ƙasa. A sami maganaɗisu, ko da na tsohuwar lasifikar rediyo ne, a ja shi cikin busasshiyar ƙasar wurin. In ya fito da baƙin gari manne a jikinsa kamar gemu, to ƙasar mai ƙarfe ce. Duk wanda ya dawo daga wurin da yaro zai tafi, a roƙe shi ya zo da ƙasar ko cikin leda ce.

Na'urorin da ke kasuwa gida biyu ne manya. Gidan farko ana ce masa VLF, yana aika sautinsa ne ba yankewa. Waɗannan ba su da nauyi, ba su da tsada sosai, suna jin ƙananan ƙwayoyi da ke kusa da sama, kuma suna iya bambanta ƙusa da gwangwani da abin kirki. A cikinsu akwai Gold Bug 2 ta kamfanin Fisher na Amurka, da AT Gold ta Garrett, da Gold Kruzer ta Nokta na Turkiyya, da Gold Monster 1000 wadda kamfanin Minelab na Ostareliya ya fitar a 2017 a kan kuɗin da bai kai dalar Amurka 1,000 ba. Za a ga lamba a jikin kwalinsu tare da haruffan kHz: ta Garrett 18, Gold Monster 45, Gold Kruzer 61, Gold Bug 2 kuma 71. Dillali zai ce miki mai babbar lamba ita ce babba. Gaskiyar ita ce, yadda lambar ta hau haka na'urar take ƙara jin ƙaramar zinariya, amma haka kuma take ƙara jin surutun ƙasa, zurfinta ya ragu. A ƙasa mai laushin hali wannan alheri ne. A kan marmara kuwa sai ta yi ta kuka tun safe har yamma, yaro ya tona rami ɗari bai ga komai ba, daga ƙarshe ya rage mata ƙarfi don ya huta, ya riƙa taka zinariyar yana wucewa.

Gida na biyu shi ne PI. Ita wannan bugu take yi ta yi shiru, ta bugo ta yi shiru, sau da yawa cikin daƙiƙa ɗaya. Amsar ƙasa tana saurin mutuwa, ta ƙarfe kuwa tana ɗan jimawa, sai na'urar ta saurara bayan ƙasa ta yi shiru. Wannan dabara ce ta sa take aiki a inda VLF ta kasa, kuma take kaiwa zurfi. Nan ne GPX 4500 ta shekarar 2008 da GPX 5000 ta 2010 suke, waɗanda sunansu ya cika Sudan da Jado, sai GPX 6000 da ta fito a 2021. Sama da su akwai GPZ 7000 mai wata fasaha ta daban, wadda lokacin da ta fito a 2015 kuɗinta ya kusan dalar Amurka 10,000, wato wajen miliyan 6 na sefa a canjin wancan lokaci. Amma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Waɗannan ba su iya bambanta ƙarfe sosai ba, a wurin da dubban mutane suka riga suka zauna suka zubar da gwangwanin sardin da kwanson harsashi, mai PI zai tona su ɗaya bayan ɗaya. Ga nauyi: GPZ 7000 ta haura kilo 3, Gold Monster kuwa ba ta kai kilo ɗaya da rabi ba. Wanda zai yini yana lilo da kilo 3 a ranar Sahara ya san bambancin.

A ganina, wadda jarinta bai taka kara ya karya ba, kuma yaronta sabon shiga ne, gara ta tsaya a kan VLF ta gaskiya mai daidaita kanta da ƙasa, da ta ci bashi ta sayi PI ɗin da ba a san asalinta ba. Wannan daidaitawa ita ce abin da za a fi dubawa a kowace na'ura. Ana ɗaga faifan a sauke, a ɗaga a sauke a kan ƙasar da ba ƙarfe, har ƙarar ta lafa ta zama ɗaya. Wasu na'urorin da hannu ake murɗa su, wasu da kansu suke yi suna kuma bin ƙasar yayin da take canzawa. Na'urar da ba ta da wannan ko kaɗan ta neman kuɗin da ya faɗi a tsakar gida ce, ba ta daji ba. Shi ma faifan iri biyu ne: mai suna DD ya fi haƙuri da ƙasa mai ƙarfe, mai suna Mono ya fi kaifin ji amma ya fi ɗaukar surutu. Ƙaramin faifai na ƙananan ƙwayoyi ne, babba na manyan da suka yi zurfi. Wanda ya tafi da guda biyu ya fi wanda ya tafi da ɗaya.

Sai maganar jabu, wadda ta fi kowace cinye dukiyar mutane. Lokacin da kasuwar na'ura ta buɗe a Afirka, an kwaikwayi GPX a ƙasar Sin an cika kasuwanni da ita, har ribar kamfanin Codan, uwar Minelab, ta faɗi warwas a shekarar 2014. Ta jabun kwalinta ɗaya da ta gaske, launinta ɗaya, in an kunna ta a shago aka gilma mata zobe tana kuka daidai. Sai an kai ta jar ƙasa asirinta yake tonuwa, lokacin kuwa an yi kwanaki a hanya. Minelab yana sa wata alama ta tsaro da lamba a jikin na'urorinsa, ana iya tantance lambar a shafinsa na intanet, kuma duk yaron da ke da wayar zamani zai iya yi kafin a biya. Dillalin da ya hana a duba lamba, ko ya ce kuɗi tukuna kaya na hanya daga Dubai, cinikin biri a sama yake son a yi da shi.

Akwai kuma wadda ta fi jabu muni, ita ce mai eriya kamar ta rediyo, wadda ake cewa tana nuna zinariya daga nisan kilomita ko zurfin gaba ashirin. Babu wani gwajin kimiyya da ya tabbatar da irin wannan. A shekarar 2013 wata kotu a Ingila ta ɗaure James McCormick shekara 10 saboda sayar wa ƙasashe, musamman Iraƙi, wata na'ura mai eriya da ya ce tana gano bam daga nesa, alhali ba komai a cikinta. In an yaudari gwamnatoci, ina ga mai sayar da ƙuli-ƙuli? Na'urar gaske tana jin ɗan ƙwayar da bai kai giram ba a zurfin da bai wuce taƙi ɗaya ba, babban dunƙule kuma da wuya ta ji shi in ya wuce mita ɗaya. Duk wanda ya faɗi abin da ya fi haka, a riƙe jaka da kyau.

Gani ya kori ji. Kafin a biya, a fita da na'urar bayan gari inda akwai marmara, ba mu rasa ta ba a ƙasar Damagaram, in kuma an sami ƙasar can wurin a zuba ta a rami a gwada a kai. A binne ɗan guntun zinariya, in babu a sa ɗan guntun dalma kamar ƙwayar dawa, domin na'ura kusan iri ɗaya take jin su. A binne a zurfin yatsa, a ƙara a zurfin taƙi, ba tare da mai sayarwa ya ga wurin ba. Sannan a ba yaron da zai yi tafiyar, ba dillali ba, ya daidaita ta da kansa ya nemo. Nan za a gane abu biyu a lokaci guda, halin na'urar da kuma ko yaron ya iya. Sau da dama masu kira a shirinmu na rediyo suna kukan na'ura ta cuce su, in an bi diddigi sai a tarar ba wanda ya taɓa koya wa mai riƙe da ita yadda ake daidaita ta.

A kuma ware wani abu daga cikin jarin domin batir na biyu, da abin cajinsa a mota ko a sola, da wayar da ke haɗa batir da na'ura, da abin sawa a kunne, domin waɗannan ne suke fara lalacewa kuma a daji kuɗinsu ninki ne. Gold Monster tana karɓar ƙananan batura guda 8 irin na rediyo in nata ya mutu, wannan ma abin lura ne ga wanda zai yi nisa da wuta.

Dokar ma'adinai ta ƙasa an sabunta ta a shekarar 2022, kuma wurin da yake buɗe bana yana iya zama rufaffe baɗi kamar yadda aka gani a Jado. Saboda haka a je ofishin ma'aikatar ma'adinai na jiha a tambayi wuraren da aka yarda a yi aiki da takardun da ake bukata, a kuma riƙe takardar saye mai ɗauke da lambar na'urar saboda shingayen duwan da jandarma tsakanin Tanut da Agadas. Rabon da za a yi tsakanin mai na'ura da mai mota da masu aiki, da wanda zai ɗauki asara in na'urar ta lalace ko aka ƙwace ta, a rubuta shi a gaban shaidu biyu tun yaro bai ɗauki jakarsa ba.