Fasahar Kwamfuta da Ɗorewar Masaƙu a Ƙasashe Masu Tasowa

1.0 Gabatarwa

Kaso mai yawa na tufafin da duniya ke sawa a masaƙun ƙasashe masu tasowa ake yin su, musamman Bangaladash da Indiya. Wannan darasi zai bayyana yadda fasahar kwamfuta ke taimaka wa waɗannan masaƙu su ɗore, da kuma inda ƙarfinta ya tsaya.

1.1 Ma'anar Ɗorewa

Ɗorewa ita ce masana'anta ta biya buƙatun mutanen yau ba tare da ta tauye haƙƙin 'yan baya ba. Kamar murhu take, duwatsu uku ne ke riƙe da ita, wato kare muhalli da samun riba da kyautata wa ma'aikata. Masaƙa kuwa tana da cin ruwa, domin an ƙiyasta cewa rigar auduga guda kan ci ruwa kimanin lita 2,700 tun daga gona har zuwa kasuwa. Haka kuma ruwan rini yakan gurɓata koguna. A shekarar 2011 babbar kotun Madras ta rufe ɗaruruwan marinu a garin Tiruppur na Indiya saboda ɓata Kogin Noyyal.

1.2 Gudummawar Fasahar

(a) Yanka: Kwamfuta kan tsara yadda za a jera hannu da wuya da jikin riga a kan yadi kafin a yanka. Da haka ƙyallayen da ake zubarwa suke raguwa.

(b) Buga zane: A tsohuwar hanya kowane launi da rariyarsa, kuma dole a wanke ta da ruwa mai yawa bayan aiki. Sabuwar na'ura kuwa fesa launin take yi kai tsaye a kan yadi gwargwadon buƙata, kamar yadda ake buga takarda daga kwamfuta.

(c) Rini: Na'urorin awo kan daidaita zafi da yawan sinadari. Idan launi ya kama a karon farko, an huta da maimaita rini, wanda ke ƙara cin ruwa da wuta.

(d) Sa ido: A 2014 hukumar yaƙi da gurɓata muhalli ta Indiya ta umarci masana'antu masu yawan gurɓata muhalli da matatun ruwansu na haɗin gwiwa su kafa na'urorin da ke aika mata sakamakon awon ruwa ta intanet. Wannan ya sa ɓoye laifi ya ƙara wuya.

1.3 Matsaloli

Waɗannan na'urori suna da tsada, kuma daga waje ake sayo su, saboda haka ƙananan masaƙu kan kasa. Ba sa aiki sai da tsayayyar wutar lantarki da ƙwararrun ma'aikata. Bugu da ƙari, na'ura kan raba leburori da aikinsu, alhali a Bangaladash kimanin mutum miliyan 4 ne ke ɗinkin tufafi, da yawansu mata. Sannan fasaha ba ta maye gurbin doka. Ginin Rana Plaza da ya rufta a 2013, ya hallaka mutum fiye da 1,100, sakaci ne ya jawo shi.

1.4 Kammalawa

Darasin ya shafe mu kai tsaye. An buɗe masaƙar Kaduna Textiles a 1957, amma ita da mafi yawan masaƙun Kaduna da Kano sun durƙushe saboda ƙarancin wuta da fasa-ƙwaurin yadi. Ke nan duk mai son farfaɗo da su sai ya tanadi wuta da horo da doka mai aiki kafin na'ura ta yi amfani. Horon kuwa daga aji yake farawa, a hannun malami.

1.5 Auna Fahimta

1. Bayyana ma'anar ɗorewa da ginshiƙanta uku.
2. Kawo hanyoyi biyu da kwamfuta ke rage ɓarnar ruwa a masaƙa.
3. Me ya sa na'ura kaɗai ba za ta farfaɗo da masaƙun Arewa ba?