Daga Jakada Zuwa Jami'in Hulɗa da Jama'a: Darasi Daga Ƙasar Daura

Gabatarwa



An nemi in yi magana a kan aikin hulɗa da jama'a, wato aikin nan na tsayawa tsakanin hukuma ko kamfani da mutanen da ake yi wa hidima. A yau da wuya a sami ma'aikatar gwamnati ko ƙaramar hukuma wadda ba ta da jami'in watsa labarai. Masu wannan sana'a a Nijeriya sun kafa ƙungiyarsu tun 1963, kuma a 1990 gwamnatin soja ta ba ta ƙarfin doka, ta zama ita ke yi wa masu aikin rajista. Sukan taru shekara-shekara su san juna, su yi musayar dabaru. Wannan duk abu ne mai kyau. Amma ni malamin Hausa ne, saboda haka daga gida zan ɗauko zancen. Abin da nake so in nuna shi ne, saƙo ba ya zama a zuciyar Bahaushe sai ya fito daga bakin wanda ya sani, ya kuma amince da shi. Zan kafa hujja da ƙasar Daura, musamman Baure.

Masu ɗaukar saƙo a tsarin gargajiya

Bayan jihadi, a farkon ƙarni na 19, Fulani suka karɓi mulkin birnin Daura, sarakunan Haɓe kuwa suka fita, wani reshe ya zauna a Zango, wani a Baure. Haka ƙasar ta kasu uku har zuwan Turawa, waɗanda suka ɗauko Malam Musa daga Zango suka naɗa shi Sarkin Daura a 1906. M. G. Smith ya bi diddigin wannan tarihi a littafin da ya wallafa a kan Daura a 1978. To, ku dubi matsayin Baure a wancan zamani: ƙaramar ƙasa ce, ga Damagaram ta arewa, ga Kano ta kudu. Ƙasa irin wannan ba ta rayuwa da ƙarfin doki kaɗai. Dole ta san abin da ake ƙullawa a maƙwabta, ta kuma san yadda za ta yi magana da manya da talakawanta.

Akwai mutum uku da ya kamata mu bambanta aikinsu. Na farko shi ne sanƙira, mai ɗaga murya a fada. Shi ke yi wa sarki kirari, shi ke maimaita maganarsa da ƙarfi don kowa ya ji. Ɗan'uwansa a ƙauye shi ne mai shela, wanda kan zagaya gari da maraice yana sanar da umarnin dagaci, ko ranar gayya, ko cigiyar dabbar da ta ɓata. Aikin waɗannan hanya ɗaya yake bi, daga sama zuwa ƙasa.

Na biyu shi ne jakada. A da hakimai a birni suke zaune, jakadunsu ne ke zuwa garuruwan da ke ƙarƙashinsu. Jakada yakan kai umarni, ya tattaro haraji, sa'an nan ya komo da labarin abin da ya gani da abin da ya ji. In fari ya cinye gero, ko mutane sun fara ƙaura saboda nauyin haraji, daga bakinsa ubangidansa zai ji. Ba na cewa jakadu duk mutanen kirki ne. An sha kuka da zaluncin waɗansunsu. Amma tsarin aikin kansa hanya biyu ne, da kai da kawowa.

Na uku su ne mata. Jakadiya ita ce mai shiga tsakanin sarki da cikin gidansa. A gari kuwa akwai dillaliya, mai yawo gida-gida da kayan sayarwa, da ungozoma, wadda babu ƙofar da ake rufe mata. Inda namiji ba ya shiga, su ke kai labari, su ke fito da shi. Wanda ya manta da su ya manta da rabin jama'a.

Wuraren haɗuwa

Bahaushe ya ce zumunta a ƙafa take. Abin da masu sana'ar zamani ke nema a ɗakin taro na otal, wato sanin mutane da ƙulla hulɗa, mutanenmu suna da wurarensa da lokutansa. Akwai kasuwa mai ci mako-mako, kamar ta Mai'aduwa da ke ci ran Lahadi, inda fatake da masu dabbobi daga Nijeriya da Nijar ke haɗuwa. Maganar da aka yi a rumfa da hantsi, kafin magariba ta tsallake iyaka. Akwai masallacin Juma'a, da taron suna, da ɗaurin aure, da zaman makoki. Akwai kuma manyan bukukuwan Daura, wato hawan Salla, da Hawan Magajiya, da Sallar Gani a watan Rabi'ul Awwal. A irin waɗannan ranaku hakimai da dagatai na ƙasar duka, har da na Baure, sukan hallara a birni su yi gaisuwa. Mai kallo dawaki da alkyabba yake gani. Amma a zaurukan masauki ake warware rigingimu, a ji koke-koke, a sabunta alkawari.

Zuwan kayan zamani

Da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, da Abubakar Imam a kujerar edita, masu karatun boko kaɗan ne. Yadda jaridar ta kai ga jama'a shi ne, mutum ɗaya ya karanta a zaure ko gindin bishiya, goma su saurara. Haka majigi, wanda ake kafawa a ƙofar gidan hakimi ko dagaci, da mai fassara yana bayani. Sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, gidan rediyon Kaduna a 1962, kuma rediyo ma a taro ake sauraronta, a tattauna. Sa'ad da aka koma tuƙi ta hannun dama a 1972, aka kuma sauya kuɗi zuwa naira da kwabo a 1973, sai da gwamnati ta haɗa da mawaƙa da masu shela da sarakuna kafin bayani ya game ƙauyuka. Ashe kowane sabon abu da ya zo, kan tsohuwar hanya ya hau.

Babban darasi kuwa shi ne na allurar rigakafin shan-inna. A 2003 jita-jita ta bazu a Arewa cewa maganin yana hana haihuwa. Jihar Kano ta dakatar da aikin har zuwa tsakiyar 2004, iyaye da yawa a sauran jihohi suka ɓoye 'ya'yansu, cutar ta sake bazuwa har zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Sanarwa ba ta yi ƙaranci ba. Rediyo ta yi, likitoci sun yi. Abin da ya ɓace shi ne amana. Al'amarin bai gyaru sosai ba sai da aka koma ga masu ita. A 2009 aka kafa kwamitin sarakunan Arewa kan kiwon lafiya a ƙarƙashin jagorancin Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar. Sarakuna suka ɗiga wa 'ya'yansu da jikokinsu maganin a bainar jama'a, masu unguwanni suka raka ma'aikata gida-gida, aka ɗauki matan unguwa suna shiga gidaje da wuraren suna suna bayani. A watan Agusta na 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar. Ku lura, magani bai canza aikinsa ba. Bakin da ya kawo zancen ne ya canza. Kuma tsakanin ɓacewar amana da dawowarta, yara da dama sun nakasa.

Tun daga 2001 da wayar hannu ta shigo, abin ya ƙara sauri. Saƙon murya na WhatsApp ba ya bukatar mutum ya iya karatu, saboda haka manomi a Baure yana aika shi, yana karɓa, har daga dangi a Magarya. Gaskiya da ƙarya duk hanya ɗaya suke bi, kuma mai karɓa tambayarsa ɗaya ce: wa ya turo?

Kammalawa

To, ɗalibai da ma'aikata, ga abin da nake so ku riƙe. Da fari, ba a fafe gora ranar tafiya. Jami'in da bai san liman da sarkin kasuwa da ungozomar gari ba sai ranar da rikici ya tashi, ya makara. Na biyu, ku yi magana da Hausar da mutane ke ji, ku bar fassarar takardar ofis kalma da kalma. Na uku, wanda shi ne mafi wuya, ku zaɓi aikin da za ku yi. Da yawa daga cikin jami'anmu an mai da su sanƙira, ba su da aiki sai yabon shugaba. Yabo yana da wurinsa a al'adarmu, amma hukumar da ba ta jin komai sai kirarinta, ba za ta san mutane sun juya mata baya ba sai ta waiwaya. Ku zama jakadu na gari: ku kai saƙo yadda yake, ku komo da amsa yadda take, ko da ba za ta yi wa maigida daɗi ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma wanda jama'a suka kama da ƙarya sau ɗaya, ko ya zo da gaskiya gobe sai ya nemi shaida.